An Gama Girka Manhaja, Amma Ina Amfaninta?

Wani dattijo, mamba a hukumar daraktocin wani kamfanin dillancin kayan masarufi mai sito a garuruwa huɗu, ya aiko da wannan tambaya: "Bara waccan muka amince da maƙudan kuɗi aka sayo manhajar da za ta haɗa sito da ciniki da lissafi wuri ɗaya. Shugaban sashen kwamfuta ya kawo rahoto cewa an gama aiki a kan lokaci, ba a wuce kasafi ba. Amma har gobe masu sito da littafinsu suke aiki, bashin da muke bin 'yan kasuwa bai ragu ba, akanta kuma sai ya kai tsakiyar wata kafin ya rufe lissafin watan da ya wuce. Na ji an ce akwai ƙa'idojin da hukumar kamfani ke bi don ta tabbatar jarin da ta zuba a harkar kwamfuta ya haifar da ɗa mai ido. Mene ne su, kuma wa za mu riƙe?"

Ranka ya daɗe, zan fara da abin da wataƙila ba zai yi daɗin ji ba. Shugaban sashen kwamfutarku bai yi muku ƙarya ba. Aikin da aka ba shi ya gama: an sayo manhaja, an girka ta, an ja waya, an ba kowane ma'aikaci lambar sirrinsa. Wanda ya rage shi ne aikin da ba a ɗora wa kowa ba, wato sauya yadda kaya ke shiga sito da fita, yadda ake ba da bashi, da lokacin da ake rubuta ciniki. Na shafe shekaru ina binciken irin waɗannan ayyuka a bankuna da kamfanoni, kuma kusan duk inda na tarar da kuka irin naku, nan ne gizo ke saƙar.

Matsalar ta daɗe, kuma ba ku kaɗai ta kama ba. Tun a 1987 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Robert Solow, ya lura cewa ana ganin kwamfuta ko'ina amma ba a ganin tasirinta a alƙaluman yawan abin da ma'aikata ke samarwa. A 1994 wata cibiyar bincike mai suna Standish Group ta fitar da rahoton da ya tayar da hankalin shugabannin kamfanoni a Amurka: cikin ayyukan manhaja da ta duba, kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai aka gama a kan lokaci da kasafi, kusan kashi 31 an soke su kafin a kai ƙarshe, sauran kuma sun wuce kuɗi ko lokaci ko an rage musu abin da aka yi alkawari. Masana sun soki yadda aka tara waɗannan alƙaluma, kuma suna da hujja. Abin da ya fi damuna da rahoton dabam ne. Ko kashi 16 ɗin da aka kira masu nasara, ma'aunin nasararsu lokaci ne da kasafi, daidai irin rahoton da aka kawo muku. Ba a tambayi ko kamfanin ya ci riba ba.

Daga irin wannan damuwa ƙa'idojin da ka ji labari suka fito. Ƙungiyar ISACA, wadda asalinta ta masu binciken tsarin kwamfuta ce, ta fitar da kundin COBIT a 1996. Daga baya cibiyar da ta kafa a 1998 ta kasa shugabancin fasahar kamfani gida biyar: daidaita fasaha da manufar kamfani, tabbatar da amfani, kula da haɗari, kula da dukiya da ma'aikata, da auna sakamako. Na biyun shi ne abin da kake tambaya a kai. Ganin yadda aka fi sakaci da shi, sai aka ware masa kundi na kansa mai suna Val IT a 2006, aka sabunta shi a 2008, sannan aka narkar da shi cikin COBIT 5 a 2012. Har yanzu yana nan cikin COBIT 2019. Akwai kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa ISO/IEC 38500, wanda ya fara fita a 2008, shi kuma kai tsaye da daraktoci yake magana. Ba na ba ka shawarar ka zauna karanta su duka. Na ambace su ne don idan wani ɗan kwangila ya zo yana jero muku waɗannan sunaye, ka san ba wani sihiri ba ne a ciki.

Ruhin Val IT tambayoyi huɗu ne da John Thorp ya shahara da su tun a littafinsa na 1998. Shin abin da ya dace muke yi? Shin ta hanyar da ta dace muke yin sa? Shin muna aiwatar da shi da kyau? Shin muna samun amfanin? Ta biyu da ta uku na masu fasaha ne, kuma da alama mutanenku sun amsa su. Ta farko da ta huɗu naku ne, ku daraktoci da shugabannin sassan kasuwanci. Hukumomi da yawa sukan amsa ta farko a zama ɗaya, ranar da aka kawo takardar neman kuɗi, daga nan ba a sake komawa kanta. Ta huɗu kuwa ba ta ma shiga ajanda.

Ƙa'idar da nake ganin ta fi kowacce nauyi a sha'aninku ita ce wadda ta ce jarin da aka zuba a fasaha dole ya ƙunshi duk ayyukan da ake buƙata kafin amfani ya fito. Manhaja ɗaya ce daga cikin waɗannan ayyuka, sau da yawa ma ita ce mai sauƙin. Ka ɗauki batun bashi. Manhajar da kuka saya na tabbata tana iya sanya wa kowane ɗan kasuwa iyakar bashi, ta hana a fitar masa da kaya idan ya wuce, ta kuma fitar da jerin waɗanda suka haura kwana talatin ko sittin ba su biya ba. Wannan iko ne kawai. Kafin ya zama kuɗi a asusun kamfani, sai wani ya zauna ya tsayar da iyakar kowane mutum, sai an yarda wa ke da ikon ɗaga ta, sai an ware wanda zai riƙa ɗaukar jerin nan duk safiyar Litinin yana kiran waya, sai kuma an sauya yadda ake biyan masu talla lada, domin idan a kan kayan da suka fitar ake biyan su ba a kan kuɗin da ya shigo ba, to su da iyakar bashi ba za su taɓa shiri ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba aikin injiniyan kwamfuta ba ne. Ka koma ka duba takardar da kuka amince da ita bara waccan. Idan abin da ke ciki kuɗin lasisi ne da na saba (babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta) da na ɗan kwangila da horon kwana uku, to rabin aiki kuka saya.

A nan zan roƙi afuwa in faɗi wani abu da na sha gani a kamfanonin da iyali ko abokai suka kafa. Manhaja ta hana a ba wani kaya saboda bashinsa ya yi yawa, sai ya kira mai kamfani ko ɗaya daga cikin daraktoci, mutumin da suka yi shekara ashirin suna hulɗa, sai a bugo wa mai sito waya a ce a ba shi, za a gyara daga baya. Mai sito ba shi da inda zai rubuta wannan a manhaja, sai ya buɗe littafinsa. Cikin wata uku littafin ya koma shi ne gaskiya, manhaja kuma ta zama inda ake kwafe abin da ya wuce idan an sami sarari. Ba ina cewa a daina mutunci a kasuwa ba. Kasuwancinmu a kan amana aka gina shi, kuma dattijon da ya san mutum shekara ashirin yana iya sanin abin da manhaja ba ta sani ba. Abin da nake cewa shi ne alfarmar ta bi ta cikin manhajar, da sunan wanda ya ba da ita da ranar da ya ba da ita, yadda a ƙarshen wata za a ga nawa aka ɗaga wa mutane kuma nawa ya dawo. Kafin ku tuhumi masu sito, ku tambayi kanku sau nawa irin wannan waya ta fito daga cikinku.

Akwai kuma dalilan da ke sa mai sito riƙe littafi waɗanda ba laifinsa ba ne. Tirela ta iso da yamma, layin intanet ya ɗauke, ko wuta ta tafi janareta ba mai, ga 'yan dako suna jira, ga direba yana son ya kwana a hanya. Ba zai ce su tsaya har sabis ya dawo ba. Akwai kuma dalili na uku da ba a son faɗa: littafi yana iya ɓoye gibin buhu goma har wata shida, manhaja kuwa ba ta iyawa. Waɗannan dalilai uku magani uku suke buƙata, kuma ba za ku san wanne ne a wane sito ba sai wani mai iko ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya ga yadda ake sauke kaya. Ba a gane wannan daga ofis.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu, wa za ku riƙe. Ƙa'idar ta raba alhaki gida biyu. Samar da kayan aiki mai inganci, wanda ba ya mutuwa, mai tsare bayanai, alhakin sashen kwamfuta ne. Fitar da amfani daga kayan aikin alhakin wanda ke tafiyar da sashen da zai amfana ne. Rage bashi na manajan ciniki ne. Daidaita ƙidayar sito da abin da ke rubuce na shugaban sito-sito ne. Rufe lissafi cikin mako guda na babban akanta ne. Kowane amfani da aka yi wa hukuma alkawari ya zama yana da mutum ɗaya mai suna, ba kwamiti ba, kuma mutumin ya sa hannu cewa ya yarda da adadin da lokacin. Na taɓa zama da wata hukuma muka ɗauko takardar neman kuɗin wani babban aiki, muka tarar da alkawura bakwai a ciki. Na tambayi shugabannin sassan ɗaya bayan ɗaya ko sun san an yi alkawari da sunan sashensu. Biyu ne kawai suka taɓa ganin takardar. Ɗan kwangila ne ya rubuta alkawuran, sashen kwamfuta ya kwafa, hukuma ta amince. A irin wannan hali babu adalci a riƙe kowa, domin ba wanda ya ɗauki nauyin tun farko.

Misali mai kyau na yadda amfani ke fitowa yana nan gida. Gwamnatin tarayya ta fara tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, tun 2007, Babban Bankin Najeriya kuma ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014. A farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta sanar da cire sunaye kusan 24,000 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwada jerin da lambobin BVN aka ga asusu da yawa na mutum ɗaya ne ko sunayen ba su dace ba. Kayan aikin duka biyu suna nan kafin lokacin. Abin da ya mayar da su kuɗin da aka ceto shi ne an sami wanda ya ba da umarnin a haɗa su, ya kuma yarda ya ɗauki zafin goge sunaye. Tsarin IPPIS ɗin nan dai shi ne kuma ya nuna ɗaya fuskar: malaman jami'a sun yi shekaru suna cewa bai dace da yanayin aikinsu ba, yana cikin buƙatunsu a yajin aikin wata takwas na 2022, har a Disamba 2023 majalisar zartarwa ta amince a fitar da manyan makarantu daga cikinsa. Kowa da ra'ayinsa kan wa ke da gaskiya a wannan takaddama. Darasin da ya shafe ku shi ne waɗanda za su yi aiki da tsari idan ba a zauna da su tun farko ba, za a zauna da su daga baya, kuma zaman baya ya fi tsada.

Ingila ta biya kuɗin wannan darasi da yawa. A 2002 gwamnati ta fara wani gagarumin shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin ƙasar a kwamfuta. Daga sama aka tsara shi, aka ba manyan kamfanoni kwangila, likitoci da asibitocin da za su yi amfani da shi kuma ba su da bakin magana sosai. A 2011 aka sanar da wargaza shi, kuma ƙiyasin kuɗin da ya ci ya doshi fam biliyan 10. Abin lura shi ne ba duka ne ya lalace ba. Ɓangaren adana hotunan asibiti a kwamfuta, alal misali, ya yi aiki kuma likitoci sun karɓe shi, domin amfaninsa a bayyane yake ga mai riƙe da shi. Babban burin, wato cikakken kundin kowane mara lafiya, shi ne ya gagara.

Sai batun ma'auni, kuma a nan ina jin za ku sha ɗan wuya. Kafin a ce bashi ya ragu, sai an san nawa yake kafin a fara. Kamfanoni da yawa ba sa auna komai kafin su girka manhaja, saboda haka bayan shekara biyu ba mai iya cewa an ci gaba ko an koma baya, sai dai kowa ya faɗi abin da yake ji a ransa. Ku ba ku makara ba, domin littattafan bara waccan suna nan. A sa akanta ya fitar da abubuwa kaɗan: kwana nawa kuɗinku ke yi a hannun 'yan kasuwa kafin ya dawo, nawa ne gibin da ake samu tsakanin ƙidayar sito da abin da ke rubuce, kwana nawa ake yi kafin a rufe lissafin wata, da darajar kayan da wa'adinsu ke ƙarewa a sito. Huɗu sun isa. Idan aka kawo muku allo mai alƙaluma arba'in masu launin kore da ja, za ku kalla ku yi shiru, kuma wanda ya kawo shi ya san haka.

Ku kuma yi hattara da ma'aunin da ke nuna motsi kawai. Yawan ma'aikatan da aka horar, yawan waɗanda suka shiga manhaja a mako, yawan awannin da saba ta yi ba ta mutu ba, duk suna da amfani ga sashen kwamfuta, amma ba su ne ribar ba. Wanda ya fi yaudarar hukumomi shi ne lokacin da aka ce an tanada. Za a ce manhaja ta rage wa kowane akawu awa biyu a rana, a ninka da yawan akawu da albashinsu, a fitar da miliyoyi a rubuta a matsayin riba. Wannan kuɗi ba ya shiga asusun kowa. Awa biyun ba ta zama kuɗi sai an yi wani abu da ita: ko an fasa ɗaukar sababbin ma'aikata duk da ciniki ya ƙaru, ko an mayar da mutanen wani aiki mai kawo kuɗi, kamar bin bashi. Ni a ra'ayina na biyun ya fi, kuma gara a faɗa wa ma'aikata shi ƙarara tun ranar farko. Ma'aikacin da ke zargin manhaja ta zo cin abincinsa ba zai taimaka mata ta yi aiki ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Wata ƙa'idar ta ce a bi jarin har ƙarshen rayuwarsa. Ranar da aka kunna manhaja aka yanka rago aka ɗauki hoto, kashe kuɗi bai ƙare ba, shigowar amfani kuma ko farawa bai yi ba. Manyan kamfanonin manhaja sukan karɓi kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin lasisi duk shekara a matsayin kuɗin kulawa, wato cikin shekara biyar an sake sayen ta ke nan. Waɗanda ake haya wata-wata kuma da dala ake lissafinsu. Wanda ya yi kasafinsa a farkon 2023, lokacin da dala a farashin hukuma take wajen naira 460, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura naira 1,400. Manhajar ba ta ƙara yin komai ba, amma kuɗinta ya ninka uku. Ga man janareta, ga kuɗin layin intanet na sito huɗu, ga horar da sabon mai sito duk lokacin da tsoho ya bar aiki. Shi ya sa takardar hujjar aiki, wato wadda aka kawo don neman kuɗi, ba abar jefawa a durowa ba ce bayan an amince. A riƙa ɗauko ta, aƙalla sau biyu a shekara, a sabunta kuɗin da amfanin, a sake tambaya ko har yanzu lissafin ya fita.

Idan kuma bai fita ba, sai a iya tsayawa. Wannan ne ya fi yi wa kowace hukuma wuya, domin tsayawa kamar amsa kuskure ne a bainar jama'a. Kamfanin manyan kantuna na Jamus, Lidl, ya fara aikin sauya tsarin kula da kayansa zuwa manhajar SAP a 2011. Kamar yadda jaridun ƙasar suka ruwaito, Lidl ya saba lissafa kayansa da farashin saye, manhajar kuma an gina ta ne a kan farashin sayarwa. Maimakon kamfanin ya sauya al'adarsa, sai aka yi ta lanƙwasa manhajar don ta bi shi, kuɗi na ta tafiya. A 2018 aka dakatar da aikin bayan an kashe kimanin Yuro miliyan 500, aka koma tsohon tsari. Shekara bakwai. Saɓanin da ya kashe aikin ba ɓoyayye ba ne, tambaya ce da ya kamata shugabanni su yanke tun shekarar farko: mu za mu bi manhaja, ko ita za ta bi mu, kuma nawa kowanne zai ci? Maganin da aka sani shi ne a daina sakin kuɗi gaba ɗaya. A kasa aiki zango-zango, kowane zango da abin da za a nuna kafin a saki kuɗin na gaba, kuma a kowane zango hukuma ta riƙe ikon cewa a ci gaba, a gyara, ko a tsaya. Kuɗin da aka riga aka kashe bai kamata ya shiga wannan shawara ba, domin ko an ci gaba ko an tsaya ba zai dawo ba.

Sauran ƙa'idojin zan taɓa su a gurguje, don ba su ne ciwonku na yau ba. Ana so a riƙa kallon duk ayyukan fasaha na kamfani a faifai ɗaya, kamar yadda ɗan kasuwa ke kallon duk jarinsa, domin aiki biyar masu kyau na iya faɗuwa tare idan duk a kan akanta ɗaya da mai sito ɗaya suka dogara. Ana kuma so a gane cewa ba duk jari ake auna shi da mudu ɗaya ba. Kuɗin da aka sa a ajiyar kwafin bayanai ko kariya daga masu kutse ba ya kawo ciniki, asara yake karewa. Wanda hukumar haraji ko Babban Banki suka wajabta, tambayarsa ita ce yaya za a yi shi da arha. Na gwaji kuma, kamar ba 'yan kasuwa damar yin oda ta waya, a ba shi kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan a gani. Idan aka ce kowanne sai ya nuna ribar naira cikin shekara ɗaya, masu rubuta takarda za su ƙirƙiro ribar don a amince musu.

Akwai iyakar da nake so ka kiyaye, ranka ya daɗe, tunda na ga ranka ya ɓaci. COBIT da ISO/IEC 38500 sun haɗu a kan cewa aikin hukumar daraktoci uku ne: ta auna, ta ba da umarni, ta bibiya. Tsarawa da ginawa da tafiyarwa na manajan darakta ne da mutanensa. Darakta ya fara shiga sito yana ba da oda da kansa, ya karya tsarin da yake neman gyarawa, ya kuma ba manaja uzurin da zai fake da shi gobe. Mutum ɗaya kuke riƙewa, manajan darakta, shi kuma ya riƙe na ƙasa da shi.

A zamanku na gaba, ka nemi a sa batun a ajanda da sunan amfanin manhaja, kuma wanda zai gabatar ya zama manajan darakta, shugaban sashen kwamfuta yana gefensa. A zo da takardar asali, a karanta alkawuran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ba wanda ya ɗauki nauyinsu a soke su a rubuce. Waɗanda suka rage, uku ko huɗu, kowanne a rubuta masa adadin da ake a yau, adadin da ake so, wata nawa, da sunan mai shi. A zaɓi sito ɗaya, wanda layinsa da wutarsa suka fi tsayawa, a ƙidaya kayansa kaf a ƙarshen mako, a shigar da ƙidayar, daga ranar a karɓe littafin, a kuma tanadi takardar wucin gadi mai lamba don ranar da sabis ya ɗauke, wadda dole a shigar da ita kafin azahar ɗin gobe. Ku ware ɗan kuɗi don wannan, domin zai ci horo na gaske da layin intanet na biyu, wataƙila da faranti na hasken rana. Bayan wata uku a kawo muku alƙaluman siton nan kusa da na sauran ukun. Idan gibin ƙidaya ya ragu kuma kuɗi ya fara dawowa da wuri, a wuce sito na biyu. Idan ba abin da ya motsa duk da an bi tsarin, to lokacin ne za ku kira ɗan kwangila da shugaban sashen kwamfuta ku tambayi ko manhajar ta dace da irin cinikinku, kuma ku yi haka kafin ranar sabunta lasisi ta zagayo.